In Saniya Ta Haɗiye Ƙusa

Yau a kan saniya za mu yi magana, ko da yake mun san galibinku a bakin ɗakin shan magani za ku sami wannan takarda, kuna jiran layi ya zo kanku. Kada ka ce ina ruwan ɗakin magani da saniya. Duk wanda ya zauna a Basirka ko Gwaram ko Sara ko ƙauyukan Birnin Kudu ya san nonon da yara ke sha, da huɗar da ke cika rumbu, da kuɗin da ake ɗauka a kai mara lafiya babban asibiti, duk daga jikin shanu suke fitowa. Mutumin da ke da shanun huɗa biyu, ɗaya ya faɗi a tsakiyar watan Yuni, to, gidansa duka ya kamu da ciwo a wannan shekara.

Shanu sun daɗe a wannan ƙasa. In ka je Birnin Kudu ka hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, za ka ga zanensu a jikin dutse, aikin mutanen da suka riga kakannin kakanninmu. Amma shanun wancan zamani ba su san ƙusar kwano ba, ba su san wayar taya ba, ba su san basillar ɗinkin buhu ba. Naka sun san su, kullum a cikinsu suke kiwo. Saboda haka akwai wani ciwo da ya kamata kowane mai shanu ya iya ganewa, watau ciwon da ke kama saniya in ta haɗiye ƙarfe mai tsini. Daga tumbi yake somawa, a zuciya yake ƙarewa. Tsakanin somawarsa da ƙarewarsa akwai 'yan kwanaki da ake iya ceton dabba, su ne muke so ka san kamanninsu. In mun ce saniya kuwa, har da sa muke nufi.

Ka taɓa tsayawa ka dubi yadda akuya ke cin abinci? Da leɓe take tsinta, ɗaya bayan ɗaya, in ta ji abin da bai yi mata ba ta furzar. Saniya ba haka take yi ba. Da harshe take naɗo ciyawa, ta fizge, ta ɗan tauna, ta haɗiye. Ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Harshenta da cikin kumatunta kuwa duk ƙaya-ƙaya ne masu fuskantar maƙogwaro, abin da ya shiga baki da wuya ya komo waje. Sai ta sami inuwa ta kwanta, sa'an nan ta dawo da abincin ta yi tuƙa a hankali. Ciyawa takan dawo, amma ƙarfe ba ya dawowa, nauyinsa ya riga ya kai shi ƙasa. Shi ya sa wannan ciwo na shanu ne, ba safai ake ganinsa ga tumaki da awaki ba.

Ran kasuwa ka tsaya wurin mahauta sa'ad da suke gyaran kayan ciki, ka roƙi ɗayansu ya nuna maka. Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Akwai babban tumbi, wanda ya cika kwiɓin hagu, a jikin babban sa yana ɗaukar lita 100 ko fiye. A gabansa, can ƙasa, akwai wani ƙaramin tumbi wanda cikinsa rami-rami ne kamar saƙar zuma. Sauran ɗakunan biyu ba su da ruwa da maganarmu ta yau. Wannan ƙaramin shi ne tarkon. Yana daidai ƙarƙashin inda abinci ke faɗowa daga maƙogwaro, don haka duk abu mai nauyi a cikinsa yake zama, tsakuwa ce, ko kwabo, ko ƙusa. Tsakuwa da kwabo ba su da laifi, saniya sai ta tsufa da su. Amma wannan tumbi ba a kwance yake ba, yana matsewa da ƙarfi kusan sau ɗaya kowane minti, dare da rana. In ƙusa ta maƙale a cikin ramukan nan, kowace matsa tura ta take yi, har tsininta ya huda.

To, yanzu ka ce wa mahaucin ya nuna maka abin da ke maƙwabtaka da wannan tumbi. A gabansa akwai tantanin nama da ya raba ciki da ƙirji. A bayan tantanin nan kuwa zuciya ce, tana cikin jakarta. Tsakaninsu bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Ƙusa mai inci uku, ko guntuwar waya mai tsawon yatsa, ta isa ta ƙetare. Wani lokaci takan karkata ta nufi hanta ko saifa ko huhu, ta tara mugunya a can. Abin da ke ƙara tura ta gaba shi ne duk abin da ke matse ciki: tsohon ciki ga saniya, da naƙuda, da jan garma ko amalanke mai nauyi ga sa. Saboda haka sau da yawa za ka ji an ce lafiya lau take, sai da ta haihu ta lalace. Ƙusar ta daɗe a ciki, haihuwa ce ta ingiza ta.

Ranar da ƙarfe ya huda tumbi, ƙazantar da ke ciki sai ta ɗan tsiyaya cikin kogon ciki, wurin ya ɗauki zafi. A ranar nan saniya takan canza farat ɗaya. Jiya ta cinye dusarta, yau ta sunsuna ta bar ta. In ana tatsarta, nonon da ya saba cika ƙwarya sai ya koma rabi ko ƙasa da haka cikin dare ɗaya. Ta daina tuƙa. Ka dube ta a tsaye: ta yi doro, ta miƙe wuya, ta buɗe hammata, watau ta nisanta ƙafafun gaba daga ƙirji kamar mai gudun kada wani abu ya taɓa ta a wurin. Ba ta son tafiya, in an kora ta sai ta riƙa taku a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya, kullum ita ce a ƙarshen garke. Wata takan wuni a tsaye don tsoron kwanciya, wata kuwa in ta kwanta ba ta son tashi. In za ta yi kashi ko fitsari sai ka ga tana ɗari-ɗari, kashin kuma ɗan kaɗan ne, busasshe. Kwiɓin hagu yakan ɗan kumbura da iska. Jiki da zafi, amma ba mai tsanani ba. Ma'aunin zafi na lafiyayyar saniya yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39, na wannan kuwa yakan kai 39 da rabi ko 40.

Babbar alama ita ce nishi. Gajeren nishi ne, mara ƙarfi, takan yi shi sa'ad da za ta kwanta, ko za ta tashi, ko tana gangara. In wuri da hayaniya ba za ka ji ba. Ka zo da asuba, ko bayan isha, ka tsaya kusa da wuyanta ka kasa kunne.

Akwai hanyoyin da za ka nemi wannan nishi da kanka, ba sai da kayan asibiti ba. Ka sa wani ya riƙe ta, wani kuma ya ɗora tafin hannu ko kunne a kan maƙogwaronta, don sau da yawa hannu yakan ji karkarwar nishin kafin kunne ya ji. Kai kuwa ka kama fatar gadon bayanta, daidai bayan tozo, da hannu biyu, ka matsa da ƙarfi ka ɗaga. Lafiyayyar saniya sai ta lotsa bayanta ƙasa nan da nan, ba ta ce komai ba. Mai ƙusa kuwa ta san in ta lotsa za ta ji suka, saboda haka sai ta ƙame ta ƙi lotsawa, ko kuwa ta lotsa da nishi. Ka gwada a kan lafiyayya tukuna don ka san bambanci. Kada ka yi ta maimaitawa a jere, gama saniya takan saba ta daina amsawa.

Hanya ta biyu da taɓarya ake yi, ko wani icce mai santsi mai kaurinta. Mutum biyu su zura ta ƙarƙashin cikin saniya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai bayan ƙafafun gaba inda ƙashin ƙirji ya ƙare, wurin da a jikin mutum muke kira ƙahon zuci. Su ɗaga a hankali har nauyinta ya hau kan iccen, su ɗan dakata, sa'an nan su saki gaba ɗaya. In da ciwo a wurin za ta yi nishi, ko ta kai harbi, ko ta zabura. In ba taɓarya, ka durƙusa ka dunƙule hannu, ka tokara gwiwar hannunka a kan gwiwarka, ka tura wurin sama da ƙarfi. Amma saniya mai tsohon ciki a bar ta da gwajin fata kaɗai. Hanya ta uku ta fi sauƙi: ka ja ta zuwa gangaren rafi ko bakin kududdufi. Hawa ba ya damunta sosai. Gangara ita ce wahala, don kayan ciki duk sai su zubo gaba su danne inda ƙusar take. Za ka ga tana turjewa, tana bi a karkace, tana nishi. In an bar ta ta zaɓi wurin tsayuwa kuwa, sai ta ɗora ƙafafun gaba a kan tudu.

Sai dai ka riƙe wannan: in ta yi nishi, magana ta yi ƙarfi, amma in ba ta yi ba, ba a wanke ta ba. Likitocin dabbobi na Jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan, waɗanda suka shafe shekaru suna binciken wannan ciwo, sun tarar da shanu da yawa da aka tabbatar da ƙarfe a cikinsu amma ba su yi nishi wurin gwaji ba. Shanunmu kuwa, Bunaji da Rahaji, in baƙon hannu ya taɓa su sukan ƙame su ɓoye ciwo. Saboda haka a haɗa gwajin da sauran alamun, kada a dogara da shi shi kaɗai.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yin hasara. Bayan kwana uku ko huɗu sai saniya ta yi kamar ta sami sauƙi. Zafin jiki ya sauka, ta soma ɗan taɓa harawa, nishin ya ragu. Maigida ya ce alhamdu lillahi, jiƙon nan ya yi aiki, gobe a ɗaura mata garma, ko a sake ta ta bi garke. Abin da ya faru a ciki kuwa shi ne jiki ya yi wa wurin hudar shinge, tumbi ya manne da abin da ke kusa da shi, ƙazanta ta daina yaɗuwa. Wani lokaci a nan maganar ke mutuwa, ƙusar ta koma cikin tumbi ko ta yi tsatsa ta narke. Amma sau da yawa tana nan a soke. Irin wannan saniya ba ta komawa yadda take. Yau ta ci, gobe ta ƙi, kwiɓi ya kumbura ya sace, ya sake kumbura, gashi ya tashi, tana ramewa alhali ga abinci a gabanta. Tana iya yin makonni a haka, ƙusa kuwa tana matsawa kaɗan-kaɗan.

In tsinin ya shiga jakar zuciya, ya shiga da ƙazantar tumbi. Jakar sai ta soma tara ruwa da mugunya, har lita da yawa, ta matse zuciya ta hana ta buɗewa yadda za ta karɓi jini. Jinin da ya kamata ya koma zuciya sai ya yi ta taruwa a baya, kamar ruwan da aka datse wa hanya. Daga nan alamun ba su ɓoyuwa. Jijiyoyin wuya biyu, dama da hagu, su cika su miƙe kamar igiya. Ka danna ɗaya da babban yatsa a tsakiyar wuya ka gani. A jikin lafiyayya, ɓangaren da ke ƙasa da yatsanka, wajen ƙirji, sai ya sace nan da nan. A jikin wannan kuwa yana nan cike. Sa'an nan leɓen wuya da gaban ƙirji su kumbura, har ƙarƙashin haɓa. Kumburin da sanyi, ba ya mata zafi, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna kamar a jikin tuwo. Ka manna kunnenka a hammatarta ta hagu. Bugun zuciyar lafiyayya a fili yake, sau 60 zuwa 80 a minti. Na wannan yakan wuce 100, amma can nesa za ka ji shi, kamar ganga a bayan gari, wani lokaci har da ƙarar ruwa kamar ana girgiza gora. Numfashi gajere-gajere, ido ya faɗa.

Gaskiya ɗaya ce, saniyar da ta kai nan ba safai take tashi ba, ko a manyan asibitocin dabbobi na Turai. Kuɗin da za ka zuba a allura zubarwa ne. Abin da ya rage shi ne shawara da malamin dabbobi a kan yanka tun ba ta mutu mushe ba, shi ne kuma zai duba naman ya faɗi abin da ya ciwu da abin da za a binne. In mugunya ta bi jiki, naman duka ba na ci ba ne. Wanda ya lallaɓa ya sayar wa mutane irin wannan nama, su ne gobe za ka tarar a layin ɗakin magani da amai da zawo.

Ba kowane kumburin wuya ne ƙusa ba fa, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Tambaya ta fari ita ce, dabba nawa ne suka kamu? Ƙusa ba ta yaɗuwa. Saniya ɗaya take kamawa, galibi babba, wadda ta wuce shekara biyu, sauran garke kuwa lafiya lau. In ka ga uku ko huɗu suna tari, suna buɗe hammata, suna numfashi da ƙyar, ka yi zaton ciwon huhu, ka ware su, ka kai rahoto ran nan, gama wannan yana iya cinye garken gari. In shanun sun yi rani a fadama, suna ramewa, ga zawo, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, ka buɗe fatar ido ka tarar fari fat, wannan ya fi kama da ciwon hanta ko tsutsar ciki. In daga kudu suka dawo, inda ƙudan tsando yake, suna hawaye suna bushewa, a nemi sammore. Kumburin maƙogwaro mai zafi da ya zo dare ɗaya da zazzaɓi mai tsanani cikin damina, wannan wani ciwo ne dabam, mai saurin kisa. Akwai kuma leda, wadda ta zama annoba ga shanun cikin gari. Ita ma tana hana ci, tana kumbura ciki, amma a hankali take zuwa, ba zazzaɓi, ba nishi. Sau da yawa ma in an buɗe sai a tarar da leda da ƙusa tare, tun da a juji ɗaya aka tsince su.

In ka ga alamun farko, kada ka kwana biyu kana jira. Ka aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, Gwaram ko Birnin Kudu, shi ya zo. Kada ka kora saniyar a ƙasa zuwa wurinsa, kada kuma a jijjiga ta a bayan mota, gama kowane taku tura ƙusar yake yi. Kafin ya iso ka shirya amsoshin abin da zai tambaya: yaushe ta daina ci, farat ɗaya ne ko a hankali, tana da ciki ko ta haihu kwanan nan, daga ina aka sayo dusa, an yi rufin kwano ko an ƙona taya kusa da turke, wane magani aka riga aka ba ta. Kada ka ɓoye masa na ƙarshen nan don kunya, gama allurar da aka riga aka yi takan saukar da zazzaɓi ta rikita masa lissafi.

Zai auna zafin jiki. Zai sa abin sauraro a kwiɓin hagu ya ƙirga motsin babban tumbi, wanda a jikin lafiyayya yakan yi kamar sau uku cikin minti biyu, da ƙara kamar rugugin hadari daga nesa. A jikin mai ƙusa motsin yakan yi rauni ko ya tsaya cik. Zai saurari zuciya dama da hagu, ya maimaita gwajin nishi. In da hali zai ɗebi jini, don jinin dabbar da ke tara mugunya a ciki yana da alamunsa. Wasu sukan gwada na'urar neman ƙarfe, irin wadda masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofa. In ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙirji, lalle akwai ƙarfe, amma ba ta faɗin ko ya huda ko yana kwance kurum, shanu masu lafiya da yawa kuwa suna yawo da ƙarfe a ciki. A manyan wurare, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ana iya duba dabba da na'urar hoton ciki irin wadda ake duba mata masu juna biyu. Ita tana nuna ruwa da mugunya da ko ƙaramin tumbin yana motsi, hoton ƙashi kuwa shi ke nuna ƙarfen kansa. Amma Zariya da nisa daga Basirka, galibin shanu kuwa da ido da kunne da hannu ake gane ciwonsu, a gindin turke.

In an gane da wuri, magani iri uku ake haɗawa. Na ɗaya mayen ƙarfe. Akwai wanda aka ƙera musamman domin shanu, mulmulalle, tsawonsa kamar inci uku, tun wajen shekarun 1950 makiyayan Amurka ke amfani da shi. Malami zai tura mata shi ta baki da wani bututu, ya faɗa cikin ƙaramin tumbin nan, ya jawo ƙusar ta manne a jikinsa ta kwanta. A nan zai zauna har ƙarshen ranta, ba ya cutar da ita. Guda ɗaya ake ba saniya, in aka ba ta biyu sai su manne da juna ƙarfinsu ya ragu. In sayo ta ka yi ba ka san ko an taɓa ba ta ba, a kai kamfas, abin duba alƙiblar nan, kusa da hammatar hagu, in allurarsa ta karkata to akwai. Kada ka fasa tsohuwar rediyo ka ciro na cikinta ka ɗura mata, yana da kaifi a gefe. Ka sani kuma mayen ƙarfe ba ya kama gorar ruwa, ko jan ƙarfe, ko kwalba.

Na biyu allurar kashe ƙwayoyin cuta, kwana da kwanaki a jere yadda malami ya tsara, ba sau ɗaya a bari ba. Muddin ana yin ta, da 'yan kwanakin da zai faɗa maka bayan an gama, nonon ba na sha ba ne, ba na kai wa kasuwa ba ne, musamman kada a ba yara. Na uku hutu. A ɗaure ta wuri ɗaya, a tara ƙasa a gaban turken yadda ƙafafun gaba za su fi na baya tudu da kamar taƙi guda, a kawo mata ruwa da abinci mai laushi a nan, har mako biyu. In an kwana uku ko huɗu ba ta soma ci ba, zazzaɓi bai sauka ba, sai aiki. Likita yakan yi shi tana tsaye. Ya kashe zafin kwiɓin hagu da allura, ya tsaga, ya buɗe babban tumbi, ya zura hannu har kafaɗa, ya lalubi ramukan nan ɗaya-ɗaya har ya ciro abin. Da yawa sukan warke sarai in ba a makara ba. Wannan aikin likita ne, ba na mai ƙarfin hali da aska ba.

Abin da muke roƙonka ka bari shi ne ɗure. Manja, da ruwan kanwa, da jiƙon sassaƙe, ba wanda ke narkar da ƙarfe ko ya wanke shi ya fita ta baya. Ana kokawa da saniya a danne ta, ƙusa na ƙara shiga, ruwan kuma in ya kuskure hanya ya faɗa huhu an ƙara mata wani ciwon. Lalas a kan kumburin ƙirji shi ma azaba ce kurum, tun da asalin ruwan daga zuciya yake. Ƙwayoyin da aka ba ka a ɗakin magani kuwa naka ne, ka shanye abinka.

Daga ina ƙarfen ke zuwa? Ka zagaya gidanka da ido. Tayar mota da aka yanka aka yi komin dusa, in ta tsufa wayoyinta sukan fito su kakkarye cikin abinci, sirara ne kamar allura, su ne mafi sharri. Haka tokar inda aka ƙona taya. Ga ƙusoshin da kafinta ya zubar ran da aka yi rufi, ga wayar ɗaurin harawa, ga basillar da ta ɓace ran ɗinkin buhunan riɗi, ga guntayen ƙarfe da ke gutsurowa daga injin niƙa su bi dusa, ga sharar kasuwa da ake tarawa a ba shanun turke. Takin juji da ake kaiwa gona da rani shi ma da kayansa yake zuwa, bayan girbi kuma shanu su shiga cin kara su tsince. Ga shi da rani, in ciyawa ta bushe jiki ya rasa gishirin da yake bukata, saniya takan shiga taunar ƙashi da tsumma da duk abin da ta samu. Saboda haka kada a hana su kanwa da gishirin lasa. Dusa kuwa a baza ta a tabarma, a ɗaura mayen ƙarfe a bakin sanda a bi ta da shi kafin a jiƙa, a nan na tsohuwar rediyon zai yi amfani. Abin da zai fito zai ba ka mamaki. Yara su tsince ƙusoshin tsakar gida su zuba a gwangwani, da ma irinsu ne ke soke ƙafar yaro su kawo ciwon sarƙewar haƙora. Shanun huɗa da saniyar tatsa masu tsada kuwa, gara a ba su mayen ƙarfen tun suna lafiya, da zarar sun shekara.

In za ka sayi sa a kasuwar Sara, ko Wudil, ko Maigatari, kada kunyar dillali ta hana ka kama fatar bayan tozo ka matsa, ka dubi jijiyar wuya, ka sa a ja shi ka ga takunsa. Kai ma in naka ne ya kamu, ka faɗa wa mai saye gaskiya, gama talaka ɗan'uwanka ne zai kai shi gida ya ɗaura masa garma.

Saura magana ɗaya. In abin ya kai ga yanka, ka tsaya a wurin har a buɗe. Sau da yawa in mahauci ya zaro allura ko waya daga jikin zuciya, sai a soma kallon-kallo, a ce jifa ne, a tuna wanda aka yi cacar baki da shi a kan iyakar gona bara. An ɓata zumunci da yawa a kan wannan. Ka ce wa mahaucin ya bi sawun abin a gabanka. Za ka ga wata baƙar hanya siririya, ta taso daga jakar zuciya, ta ratsa tantanin nan, ta koma har cikin tumbi mai saƙar zuma, inda galibi za ka tarar da 'yan'uwanta biyu ko uku a kwance. Ka wanke su ka tafi da su gida, ka gwada su da wayar komin dusarka da ƙusar rufin ɗakinka, kafin sauran shanun su ci abincin yamma.